Malik Fazal Dad, Wanda Ya Mayar wa Jirgi Dogonsa

Masana sun yi ittifaƙi cewa a duk lardin Punjab ba a yi mutumin da ya sadaukar da abin da ya mallaka domin maslahar al'umma kamar Malik Fazal Dad Awan ba. An haife shi a shekarar 1944 a garin Pind Mehrab, a gindin duwatsun gishiri. Mahaifinsa, Nur Dad, mai zuba kwal ne a ƙaramin jirgin ƙasan da ke sauko da gishiri daga mahaƙar Dhok Salar, sunan mahaifiyarsa kuwa Bakht Bhari.

Karatu da Kama Aiki

Ya yi karatun Alƙur'ani a masallacin unguwarsu, ya kammala sakandare a 1961, aka ɗauke shi mai sayar da tikiti a tashar garinsu.

Aure

A 1968 ya auri 'yar baffansa, Irshad Begum, wadda tarihi bai adana komai game da ita ba sai haƙuri da iya gasa gurasa. Ya gina mata ɗaki da rumfa a gefen layin dogo, domin kada jirgi ya wuce bai sani ba. A 1978 ya zama shugaban tasha, muƙamin da ya riƙe da cikakkiyar himma, har an ruwaito cewa ko ranar da jirgi bai zo ba, sai ya sa hularsa ya fita tarbarsa.

Rufe Layi

A daminar 1988 ambaliya ta tafi da babbar gadar jirgin, aka ba da sanarwar rufe layin na ɗan lokaci. Ana cikin wannan ɗan lokaci ne mutanen gari suka fahimci cewa ƙarfen dogo ya fi kowace azara, domin gara ba ta cinsa, ruwa ba ya ruɓar da shi. Cikin 'yan shekaru layin ya tashi daga ƙasa ya hau kan gidaje. Malik ya yi Allah wadai da wannan ta'adi, kuma domin ya tserar da wani abu daga hannun ɓarayi, ya sa aka kai ƙarafa huɗu gidansa ajiya. Da ya rasa wurin da ya fi aminci, sai ya yaye tsohon rufinsa, ya ɗora su a kan bango, ya jera musu tubali da ƙasa a bisa.

Farfaɗo da Layi

A 2009 wasu 'yan boko daga Lahore suka kafa ƙungiyar raya layin domin masu yawon buɗe ido, suka naɗa Malik shugaba. Sun samo tsohon kan jirgi da tarago biyu, amma dogo irin wannan siriri an daina ƙera shi tun da daɗewa, saboda haka dole a nemo na asali. Ranar wata Juma'a a watan Yuni na 2010, bayan an idar da salla, Malik ya miƙe ya shelanta cewa duk mai ƙarfen dogo a rufinsa yana kwana ne a ƙarƙashin haram.

Karam Ilahi mai shayi ya ce daga sahun baya, “Malik Sahib, Allah ya ƙara girma, to kai a ƙarƙashin me kake minshari? Karan dawa?”

Malik ya ce, “Nawa ajiya ce.”

“Ai mu ma ajiyar muke yi, ranka ya daɗe. Ka fara mayar da taka, mu biyo sahu.”

Malik ya yi alkawari a gaban jama'a. Da ya koma gida da leburori, Irshad Begum ta tare ƙofa.

“Baban Tanwir, ka ɗaga kai ka dubi sama kuwa? Damina saura ƙiris. Ka bari ta wuce mana.”

“Ke ba ki san tarihi ba.”

“Tarihi yana tare ruwa?”

“Na riga na faɗa a gaban jama'a.”

“Ai jama'ar ba a nan suke kwana ba.”

Aka zare ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, aka tokare rufin da gumagumai har zuwa lokacin da za a sayo sabon ƙarfe. Jama'a kuwa sun cika alkawari gwargwadon hali: sun kawo na garken shanu, da na akurkin kaji, da guda ɗaya daga banɗakin makaranta. Babu wanda ya taɓa ɗakin kwanansa. Da aka haɗa duka, layin ya tashi daga tasha, ya wuce ta bayan gidan Malik, ya ƙare a bakin maƙabarta. An buɗe shi a watan Maris na 2011, aka rataya wa Malik furanni a wuya, aka ɗauki hotonsa da tuta a hannu.

Tun daga lokacin jirgin ke tashi kowace Lahadi. Duk sa'ar da ya wuce, sai bangon gidan Malik ya yi rawa, gumagumai su yi ƙara, ƙasa ta zubo daga rufi. Irshad Begum ta koyi rufe ƙullun gurasa da zarar ta ji usur, ta koyi jan gado daga wannan kusurwa zuwa waccan, kuma ta hana jikokinta kwana idan sun zo hutu. Da hadari ya haɗo, takan tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje. Batun sabon ƙarfe kuwa, Malik ya ɗage shi sau da dama, saboda fanshonsa yana tafiya wajen fenti da kwal.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar wata Lahadi a ƙarshen Yuni na 2013, a kan bencin tasha, ƙarƙashin rumfar kwano mai inganci. An yi masa salla bayan la'asar, aka ɗora makararsa a tarago, jirgi ya kai shi har bakin maƙabarta, wanda shi ne karo na farko da layin ya kai wani inda yake da buƙatar zuwa.

Ya rasu ya bar 'ya'ya huɗu: Tanwir, malamin makaranta a Rawalpindi, Kamran, direba a Dubai, Nasrin da Shabnam, kowacce a gidan mijinta. Ya kuma bar matarsa, Irshad Begum. Tanwir ya roƙe ta, “Ammi, ki taso mu tafi, ɗakin nan ba zai ga ƙarshen damina ba.” Ta ce takaba a ɗakin miji ake yinta. A daren farko na ruwan sama aka shimfiɗa mata tamfol a kan rufi. Ranar Lahadi ƙungiya ta sa jirgi ya yi zagaye biyu domin girmama marigayi, yana busa usur a daidai gidansa. Ita kuwa ta rufe ƙullunta, ta ja gadonta kusa da ƙofa, ta zauna.