Gyaran Inji Daga Bayan Katanga

Duk wanda ya gan ni da baƙin mai a hannu sai ya ce gasa nake da maza. Ƙarya ne. Ni jira ne ba na iyawa, shi ke nan.

Da na gama kolej, Inna ta kai ni koyon ɗinki a unguwar Zariya, inda ake kai kowace yarinya. Maza ƴan ajinmu kuwa suka watsu garaji da walda da kabu-kabu. Ba wanda ya tambaye mu. A Jiratawa ma, garkar kawuna inda nake zuwa hutu, haka abin yake: mata mu tsinki zogale, maza su tada injin ban ruwa. Sai dai ni nakan bar kwandona in tsuguna kusa da Kawu in yana goge buji, wato fulogin injin. Yana korata, ina dawowa, har ya gaji ya fara miƙo mini in riƙe masa.

Yayata tana aure a nan unguwar Zariya, gidan ba shiga. Injin markaɗe gare ta a tsakar gida, an dasa ƙafafunsa cikin siminti, da shi take riƙe kanta. Wata safiya ya ƙi tashi, mijinta kuma yana Kwatano wajen kaya. Kwanaki suka wuce, masu ƙosai da masu koko suka fara kai markaɗensu layin baya. Wadda ta saba da can ba ta dawowa, Yaya ta sani.

Ranar da na leƙa, na tarar da abin dariya. Wani dattijon makaniki da ke zuwa daga Tsibiri kullum a kan moto yana tsaye a zaure, yana magana da katanga.

"Hajiya, ki ja igiyar in ji kukansa."

"Malam, na ja har kafaɗata ta sage."

"To a turo mini shi waje mana."

"Da simintin zan turo maka?"

Shi ba ya shiga, injin ba ya fita. Na ce, "Malam, ba ni abin kwance buji."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ɗiyata, wannan ba almakashi ba ne."

"Na gani. Ba ni."

Ya ba ni, yana dariya. Na kwance bujin, baƙi ƙirin, na goge na mayar. Na ja igiya, ya yi tari ya mutu.

Daga zaure ya ce, "Ai na ji. Ina aka sayi man nan?"

Yaya ta ce na kwalba ne, bakin titi.

"Ruwa ya sha. Ɗiyata, duba ƙasa inda mai ke taruwa, akwai ƴar kusa. Sassauta, kar ki cire duka, in ta faɗi cikin rairayi sai dai mu yi ta addu'a."

Na sassauta, ruwa ya zubo. Muka juye tankin, muka sa sabon mai. Ja na farko injin ya kama. Yaya ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya, Malam yana ta tambayar katanga, "Ya zauna? Ba ya rawa?"

Kafin la'asar robobin wake sun dawo layi. Kafin sati, mata daga gidaje irin na Yaya sun aiko a kira ni, wannan keken ɗinkinta, waccan injin taliyarta. Ashe gidajen nan cike suke da injuna matattu masu jiran maigida ya dawo. Na je gida biyu na kasa, don buji kaɗai na iya da kusa guda.

Da na ce zan koyi aikin sosai, Baba ya ce ɗiya mace cikin garaji, tsakiyar ƙarti, ba da yawunsa ba. Na ce to ba garaji ba. Yaya ta ba ni zaurenta, Malam ya yarda zai riƙa tsayawa da safe ya koya mini kafin ya wuce aiki, in na kawo masa shayi mai kauri. Ranar Asabar zan je Jiratawa in ɗauko mataccen injin da Kawu ya jefar bayan rumbu. Shi za mu fara farkewa.