Mai Unguwa Mamuda da Harajin Tsakuwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, sha ɗaya ga Janairu 1979, tun da asuba maƙwabcinmu Barau ya iske ni a Talata Mafara da labarin da na daɗe ina tsoro: Baba Mamuda, tsohon mai unguwarmu a ƙasar Maradun, ya riga mu gidan gaskiya.

Baba, ban san mai raba haraji irinka ba. In an yanko wa unguwa nata, wasu masu unguwa kawuna suke ƙirgawa, kai kuwa gonaki kake zagawa. Mai fadama ya ɗauki kaso mai nauyi, mai jigawa ya ɗauki kaɗan. Ba ruwanka da wanda ya yi rufin kwano ko ya cika rumbu, cewa kake guminsa ne. To, fadamar da ta fi kowace kyau taka ce, don haka kai kake biyan mafi yawa. Har zolayarka ake yi, wai ba a taɓa ganin wanzamin da ke tsaga kansa ba sai kai. Da wannan rabo naka ne mahaifiyata Baturiya ta riƙe 'yar gonarta bayan rasuwar mahaifina.

Sai madatsar Bakolori ta zo. Ruwa ya ci fadamarka da tamu, aka mayar da mu kan tudu mai tsakuwa. Filayen bakin hanyar ruwa suka yi daraja, masu hali daga birni suka saye, wasu ko fartanya ba su sa ba. Haraji kuwa ya zo mana yadda yake tun da.

Ka je ka roƙi a ɗora shi bisa darajar ƙasa, wanda ruwa ya arzuta ya biya, wanda ya tsiyata a sassauta masa. Wani jami'i ya ce maka gona gona ce. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, ƙasa ka biyan haraji, ba kan mutum ba. Ni ba ni amsar haraji ga mutanen da anka ba dutsi." Aka tuɓe maka rawani, aka naɗa mai iya karɓa. Daga nan ba ka ƙara lafiya ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya sa Aljanna ce makomarka. Inna Taibatu matar Baba, da 'yarsa Bilkisu, da sauran iyali, Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu.

Ina cikin waɗanda suka haƙa kabarinka, Baba, a ƙasar nan da aka ce daidai take da fadamarka. Tun hantsi muke sara har aka kira azahar, diga biyu suka karye. Allah ya yalwata maka shi.