Rungumar Neny Bako

Ƙarfe biyar da rabi na safe, lokacin da sanyin garin Antsirabe ke cizon kunne, masu jan keken fasinja ma ba su gama kurɓar shayi ba, Neny Bako ta riga ta buɗe tsohon siton shinkafar da ke bayan kasuwa, inda 'yan matanmu ke koyon ɗaga ƙarfe. Za ta share dandamalin katako, ta goge sandunan ƙarfe da tsumma, ta ɗora tukunya, sannan ta ɗaure mayafi a ƙugu ta tsaya bakin ƙofa, hannuwa a ware. Duk yarinyar da ta iso sai ta faɗa cikin hannuwan nan. Neny ta rungume ta, ta ɗaga ta har ƙafafunta su bar ƙasa, ta ɗan yi jim, ta dire ta, ta faɗi nauyinta.

"Arba'in da takwas da giram ɗari bakwai. Wuce."

"Hamsin da biyu. Ke kuma jiya a gidan biki kika yini, ko?"

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki. Asabar ɗin da ta wuce ta ajiye shi, don ciwon baya ya ƙi jin lallashi. Ta gaya wa kowa cewa barin aikin bai dame ta ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai: idan ta tafi, wa zai riƙa ɗaga yaran? Yanzu akwai sikeli mai lantarki a kusurwar ɗakin, amma ita ta san iyakarsa.

Rasoamanana Bakoly ne sunanta, ko da yake ban taɓa jin wanda ya kira ta da shi ba, sai dai Neny Bako, Neny kuwa a harshenmu inna ke nan. Da can shinkafa take sayarwa, ta yi shekara goma sha biyar tana cicciɓar buhu har hannunta ya san kilo kamar yadda harshe ya san gishiri. Lokacin da aka fara koyar da 'yan mata a siton, babu sikeli. Wurin mahauta ake kai su, yarinya ta shiga buhu a rataya ta a ƙugiyar auna nama, 'yan kasuwa suna dariya suna tambayar nawa kilo. Neny ta kalli wannan wulaƙanci sau biyu. A na uku ta bar tallarta ta je ta sauke yarinyar da hannunta, ta ce daga yau a kawo mata su. Tun daga ranar ba ta koma kan shinkafa ba.

A wannan wasa kowace yarinya da rukunin nauyinta, wadda ta haura ko da giram goma ne ranar awo, ta tattara kayanta. Shi ya sa yara ke horar da kansu da yunwa a ɓoye. Koci ba ya ganewa, amma Neny tana ji a haƙarƙari. Sai ta ja yarinya bayan ƙofa, ta tura mata wainar shinkafa biyu da kofin ruwan ƙanzo mai zafi, ta tsaya a kanta.

"Cinye a gabana. Nan ƙarfe ake ɗagawa, ba azumi muka zo yi ba."

A rungumar nan ta gano masu zazzaɓi kafin su kwanta, ta gano wadda aka daka a gida, ta gano ciki wata biyu kafin uwar yarinya ta sani, kuma ba wanda ya taɓa jin maganar a bakinta.

Sau ɗaya tak ta hau jirgin sama. Shekarar da Miora ta samu gurbi a babbar gasar wasanni ta ƙasashe, a rukunin kilo arba'in da tara, doka ta ce sai da mace mai raka ta ɗakin awo. Miora marainiya ce, tana da shekara goma sha uku ta zo siton, kuma Neny ce ke yi mata kitso kowace Lahadi. Shekara huɗu yarinyar ta yi tana shirin wannan rana guda. Da suka sauka, aka kai 'yan wasa wani gini, aka kai Neny wani. Kwana uku ba ta samu ta taɓa Miora ba. Koci Tovo kuwa ya sayi sabon sikeli a filin jirgi, yana ji da shi kamar ɗan fari. Kullum sikelin ya ce arba'in da takwas da ɗari bakwai, kullum Tovo ya ce yarinya ta ci ta sha, akwai sauran wuri.

Ranar gasar, ƙarfe shida da rabi na safe, Neny ta samu ta shiga ɗakin kwanan Miora. Awo ƙarfe goma za a fara, a rufe sha ɗaya. Miora ta rugo da kofin shayi a hannu ta faɗa jikinta. Neny ta ɗaga ta. Ta dire ta, ta sake ɗagawa.

"Ajiye kofin nan, 'yata. Arba'in da tara da rabi kike."

Tovo ya yi dariya. "Haba Neny, jirgi ne bai sake ki ba. Ga sikeli nan, yanzun nan ta sauka."

"Tovo, na goye ka kana majina. Nuna min inda ka ajiye shi."

"Neny, wannan na Turai ne fa, ba na Kasuwar Asabar ba."

"To na Turan ma a ƙasa yake tsayawa."

Ta duba, ga sikeli zaune a kan kafet mai laushi, wanda ƙafa ke nutsewa a ciki. A sitonmu daɓen siminti ne, ba wanda ya taɓa auna mutum a kan kafet, balle ya san abin da yake yi. Ita kuwa ta san 'yan kasuwar da ke ɗora sikeli a kan buhu idan za su sayi shinkafar manomi. Ta sunkuya ta ɗauke shi, ta kai banɗaki ta dire a kan tayil, ta ce Miora ta hau. Arba'in da tara da rabi cif. Tovo ya zauna bakin gado ya dafe kai. Har yau Neny ba ta taɓa yi masa gori ba. Shi ne da bakinsa ya ba ni labarin, ya ce in rubuta.

Awa uku suka yi suna kokawa da rabin kilo. Ta jibga wa yarinyar riguna huɗu har da tata rigar sanyin, ta sa ta tsallen igiya, ta cika banɗaki da tururin ruwan zafi, ta ba ta tsamiya tana tsotsa tana tofarwa. A ɗakin awo sikelin hukuma ya ce saura giram tamanin. Miora ta koma gefe ta tofa, babu sauran yawu. Lokaci yana tafiya. Ta dubi Neny, idonta ya yi ja, ko hawaye babu a jikinta.

Neny ta kama jelar kitson da ta sauko har ƙugu, wadda ta yi shekara takwas tana shafa wa man kwakwa. Ta ɗora ta a tafin hannu ta jijjiga.

"Giram casa'in. Ya isa. Kin yarda?"

"Neny, Mama ce ta fara tara min shi."

"Na sani. Zai sake tsirowa. Yau ɗin nan ce ba za ta dawo ba."

Miora ta sunkuyar da kai. Neny ta ari almakashi ta yanke. Sikeli ya ce arba'in da takwas da ɗari tara da casa'in. Suna fita ta buɗe jaka ta fito da shinkafa da ruwan ƙanzon da ta lallaɓi masu kicin ta dafa da kanta, ta riƙa ba ta a baki.

Da rana Miora ta ɗaga kilo casa'in da takwas a yunƙurinta na ƙarshe, ƙafafu na kaɗawa, ta riƙe har alƙalai suka ba da farar fitila, alamar sun amince. Ta zo ta uku. Hoton da jarida ta buga yana nan manne a bangon sito: manyan jami'ai biyar da ba su taɓa shaƙar ƙurar sitonmu ba, da Tovo, da Miora da gundulen gashi. Can gefe akwai gwiwar hannun wata mata da aka yanke. Wannan gwiwar hannu ita ce duk rabon Neny Bako a tarihin wasanninmu, kuma abin yana ƙona min rai.

Neny, ke ce kika sauko da 'ya'yan mutane daga ƙugiyar mahauta. Ke ce sikelin da ke tambayar yaro ko ya ci abinci. Lambobin da ke rataye a gidajen garin nan, kowace ɗaya sai da ta bi ta hannunki kafin ta kai wuyan mai ita.

Ranar Asabar tsofaffin ɗalibanta suka cika siton, wasu da goyo, wasu da furfura. Miora, wadda yanzu ita ce koci, ta iso ƙarshe. Neny ta ware hannu don sabo, sai ta tuna da bayanta, ta sauke su a hankali. Kowa ya kau da ido. Miora ta matso ta rungume ta, ta ɗaga ta sama har takalminta ɗaya ya faɗi, ta yi jim.

"Arba'in da huɗu. Kin rame, Neny. Ba kya cin abinci."

Da aka dire ta, Neny ta goge ido da bakin mayafi.

"Da ɗari uku. Kin yi kuskure da ɗari uku, sakarya. Amma kin ji ramar. Ki zo jibi da sassafe."

Mun gode, Neny Bako. Allah ya huta gajiya, ya sauƙaƙa bayan nan da kika ƙarar a kan 'ya'yanmu. Ku kuma da aka damƙa wa yara a filin wasa ko a aji, ku riƙa sanin nauyin da kowane yaro ya kwana da shi, kada ku bar wa na'ura.

Shekaranjiya Litinin na bi ta bayan kasuwa da sassafe. Miora na tsaye bakin ƙofa, hannuwa a ware, yara sun yi layi. Neny na zaune gefe a kan kujera da bargo a gwiwa, tana kallon yadda ƙafafun kowace yarinya ke barin ƙasa.

"Sake ɗaga ta," in ji ta. "Wannan ba ta karya kumallo ba."