Motar da Wayoyinta Duk Ja Ne

Motar gawa ta masallacin unguwarmu a Zango mahaifina ne ya haɗa ta. Shi makanike ne a Magazin, unguwar makanikai can Suame, inda kusan duk motar da ta kwanta a Kumasi take ƙarewa. Da jama'a suka gaji da neman trotro, wato ƙaramar bas ɗin haya, duk ranar da aka yi rashi, sai suka yanke shawarar sayo tsohuwar bas daga waje. Baba ya miƙe a taron ya ce abin kunya ne, gari cike da masu sana'a, amma a kai mu kabari cikin abin da wasu suka gama ci suka yar. Ya ce a ba shi wata shida.

Sai da ta ci wata goma sha ɗaya. Injin na wata mota ce da ta yi hatsari, ƙafafun na wata, jikin kuma shi da abokansa suka buga da guduma, aka shafa mata koren fenti. Ta yi kyau, kuma tana da ƙarfi, ramukan hanyar maƙabartar Tafo ba su taɓa damunta ba. Aibinta ɗaya ne, sai an buɗe bonet ake ganinsa. Baba ya samu ƙaton nadi na jar waya, da shi ya yi wa motar wayarin tun daga gaba har baya. Ta fitila ja, ta batir ja, ta makunni ja.

Yana da amini, Ba'asante mai gyaran wutar mota, wanda kowa ke kira Masta. Ranar da ya leƙa bonet ɗin sai ya riƙe ƙugu.

"Alhaji, wannan ba kyau koraa, ko kaɗan," in ji Masta. "Motan Japan, kowane waya da kala nashi. Sun yi dubu, duka ɗaya ne, kuma akwai littafi. In na gyara ɗaya, na san sauran. In ɗaya ya ba da wahala, suna ji, su gyara a na gaba. Naka wannan, kai kaɗai ka san shi."

"Wuta ba ruwanta da launi," in ji Baba. "Nasu kuma ka sa ta hanyar Tafo da damina, ka ga yadda za ta zauna."

Shekara da shekaru suna wannan musu, kuma kowa da gaskiyarsa. In na ji yau ana cacar baki a rediyo kan motocin gida da na waje, wani ya ce ba mu iya ba, wani ya ce raina namu muke yi, sai in tuna Baba da Masta. Iyawa dai an iya. Da idona na ga Baba ya goge guntun ƙarfe da magagari har ya zauna daram inda aka ce sai an yi odar kayan daga waje. Abin da ban taɓa gani ba shi ne ya yi na biyu daidai da na farko, ko ya bar wa wani abin da ke kansa.

Motar ta yi wa unguwa aiki fiye da shekara goma sha biyar. In ta yi gardama, Baba zai cusa hannu cikin jan nan kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ya taɓa guda, ta tashi. Ya sha faɗa a gabanmu cewa ita za ta kai shi, kada a kuskura a sa shi a ta wasu.

Da idonsa ya fara rauni, wata Asabar da hantsi ya kira ni. Ni malamin makaranta ne, abin da bai taɓa daina zolayata a kai ba.

"Ticha, tunda hannun nan naka bai iya komai ba sai biro, ɗauko littafi. Ina nunawa kana rubutawa."

Na ɗauko sabon littafi. Rana ta yi zafi, warin mai ya hau mini kai, shi kuma kowace waya sai ya ba ni tarihinta. Mun yi uku, na tuna akwai ɗaurin aure a Aboabo, na ce Baba mu ƙarasa mako mai zuwa. Mako mai zuwa aka yi taro a makaranta. Ya tuna mini sau biyu, daga nan bai ƙara ba. Gaskiya ita ce, da ya daina tambaya daɗi na ji.

Ya rasu wata Alhamis da safe, aka sa jana'iza bayan Azahar. Direba ya murɗa makulli, motar ta ƙi ko tari. Aka aika wa Masta, ya zo da wasu makanikai na Magazin, mutanen da ba su saba mota ta fi ƙarfinsu ba. Suka yi ta bin jar waya, ta kai su ga wata jar waya. Aka yi salla, aka sallaci gawa, jama'a na tsaye a rana.

Masta ya ɗago, ya share gumi, ya dube ni.

"Ticha, Alhaji ya ce mun kun rubuta. Ina littafi?"

Na shiga gida na ɗauko. Layi uku ne: fitilar hagu, fitilar dama, da hon. Ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, duk suna aiki. Hon ɗin ya yi ƙara a tsakiyar masu makoki. Ya buɗe shafi na biyu, ya ga ba rubutu, ya rufe, ya miƙo mini. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Limam ya ce ba a ajiye gawa saboda mota. Aka aro bas ta wani masallaci a Aboabo, tsohuwa ce 'yar waje. Ita ma a ƙofar gida ta mutu. Wani makanike da bai taɓa ganinta ba ya leƙa, ya bi wata rawayar waya da yatsa, ya matse ta, motar ta tashi.

Muka wuce koriyar motar a gefen masallaci, bonet ɗinta a buɗe. Na zauna wajen ƙafafun Baba har Tafo, littafin yana cikin aljihuna.