Ranar da na shirya wa Baba jirgi ta hannun hagu

Shekarun baya can da nisa, tun Turawa suna mulkin ƙasar nan, ina da shekara biyu a ɗakin miji, yanar ido ta rufe wa mahaifina idanu duka biyun. Masunci ne a wani ƙauye da ke bakin fadamar Haɗeja, irin mutanen nan da in ba a same su a ruwa ba, to suna masallaci. Da idon ya tafi sai ya kyautar da jirginsa, ya samu gindin tsamiyar ƙofar gida ya zauna. Hira ta ragu, cin abinci ya ragu. Abin da ya fi tayar wa mahaifiyata hankali, ya daina cin kifi. In an kawo sai ya shinshina ya ture, ya ce, "Na wani ne."

Lokacin muna zaune a Malam Madori, maigidana malamin awon gyaɗa ne a tasha. Da Inna ta aiko, muka taho a lokacin kaka, ruwa ya fara janyewa ya bar tafkuna cike da kifi. Na tarar da Baba ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na yi ƙarfin hali.

"Baba, in an samo jirgi, za ka je tafki ko da na wuni ɗaya ne?"

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya ce, "Uwata, in je a matsayin me? Buhun gero? A ɗora ni, in riƙa cewa miƙo mini wuƙa, ina igiya, ina kaza? Ranar da na buɗe baki na roƙi kayan aikina a cikin jirgi, ran nan na san tawa ta ƙare. Ku bar ni da tsamiyata."

Na ce, "In kuma ba ka tambayi komai ba fa, har mu dawo?"

Ya yi ɗan murmushi, na farko tun zuwanmu. "To, in kin iya wannan, sai in je."

Akwai wani mutum a bakin tafkin da yake ba da hayar jirgi, ana ba shi kasonsa daga kifin da aka kama. Da maigidana ya yi masa bayani, sai ya dube mu sama da ƙasa. "Makaho, da malamin gyaɗa, da mace? Malam, in kada kuke son yi wa sadaka, ku kai masa akuya, ku bar mini jirgina." Amma da ya ji ko wane ne makahon, sai ya sassauta murya. Ya ce a hannun Baba ya fara ganin yadda ake saƙa komar kamun kifi. Ya nuna mana wani tsohon kwale-kwale mai faɗin ciki, wanda ba ya saurin karkata.

Bayan azahar na kama aiki. Na toshe tsagogin jirgin da auduga da tsumma. Na shimfiɗa tsohuwar tabarma a inda Baba zai zauna don kada ƙafarsa ta zame. Mamari zai yi amfani da shi, wato doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi jere, ita ce kuwa ta fi ba ni tsoro, don mai ido ma tana sokarsa. Na nannaɗe ta cikin masaki, babbar ƙwaryar nan, na ɗaura kara a gefen masakin, na kafe ƙugiyoyin a jikinsa ɗaya bayan ɗaya, duk bakinsu yana duban ƙasa. Wuƙa na ɗaure ta da zare a gefen jirgi. Ƙoƙon tana, duwatsun nitsar da igiya, 'yan gorunan da ke sa ta yawo a sama, kowanne na yi masa mazauni na tare shi da tsumma don kada ya gangara. Garwar kananzir da na wanke da toka ita ce ta zuba kifi. Yadda nake jera ɗakina, in iya ɗauko allura ba tare da na duba ba, haka na jera jirgin nan. Maigidana yana taya ni, muka ajiye komai a dama.

Sai na ce bari in gwada. Na zauna a mazaunin Baba, na kwance ɗankwali na ɗaure idona. Matan da ke wanki suka sa dariya. Wata ta ce, "'Yar makarantar Kano, wannan ma cikin karatun ne?" Ban kula ba. Na miƙa hannu na samu wuƙa, na samu ƙoƙo, ƙugiya ɗaya ta ɗan gaishe ni a yatsa don kada in yi alfahari. Daga nan na fara kwaikwayon yadda Baba yake jawo igiya, kamar yadda nake ganinsa ina yarinya, sa'ad da yake ɗora ni a goshin jirgi kafin a kai ni makaranta.

Sai na ji jikina yana karkata hagu.

Na tsaya. Na sake yi, na sake karkata hagu. Hoton ya dawo mini sarai: hannunsa na hagu ne yake ja, shi yake cire kifi, shi yake yanka.

Na kwance ɗankwalin na ce, "Malam, mu mayar da komai hagu."

Ya ce, "Haba ke kuwa. Baba ba bahago ba ne. Da dama yake cin abinci, da dama yake jan carbi, da dama ya ba ni hannu ranar ɗaurin aure."

Na ce, "A tudu ke nan."

Ya juya ga mai jirgi. Shi ma ya ce bai taɓa lura ba. Inna ba ta taɓa shiga jirgi ba, balle a tambaye ta. Shi Baban kuwa ba zan tambaye shi ba, don a garinmu ba a ce wa dattijo bahago a fuskarsa. Maigidana ya rage murya ya ce, "Ki yi tunani. In kin yi kuskure, zai kai hannu dama ya ji wayam, ya tambaya. Kin san abin da ya ce." Na sani kuwa. Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa ja da shi ba, amma na sunkuyar da kai na ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Na gani da idona." Sai ya naɗe hannun riga ya fara kwance zaren wuƙar.

Washegari bayan asuba muka riƙo Baba zuwa bakin ruwa. Da ƙafarsa ta taɓa laka sai ya sake hannun maigidana, ya lalubi gefen jirgi, ya yi bisimilla ya shiga da kansa. Na zauna a tsakiya da ƙoƙon kwarfe ruwa, maigidana a baya da filafilin tuƙi. Muka yi ta zagaye wuri ɗaya kamar ganye. Baba ya ce, "Malam, ruwa ba buhun gyaɗa ba ne, ba a dukansa. Shafa shi ake yi." Sannan ya karkata kunne, ya ce a yi wajen da tsuntsaye suke kuka, kusa da ciyawa.

Muka isa. Na daina kwarfewa, na daina numfashi ma. Na dai riƙa karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Hannunsa na hagu ya tashi shi kaɗai, ya sauka a kan masakin. Yatsunsa suka bi karan, suka zare ƙugiyar farko, suka gangara ƙoƙon tana. Bai tambayi komai ba. Ƙugiya ta biyu, ta uku. Igiya ta riƙa shiga ruwa tsaf, har ya ɗaura dutse na ƙarshe. Sai da ya kai hannu bayansa ya ci karo da wani abu, ya ɗago shi ya jijjiga.

"Uwata, buta ce wannan? A tsakiyar tafki?"

Na rufe fuska. Maigidana ya yi dariya har jirgi ya girgiza. Ni dai a gidanmu ba a tafiya ba buta.

Rana ta ɗago muka fara ja. Tarwaɗa ta fito, kurungu ya biyo, sai wata ƙatuwar tarwaɗa da ta haɗiye ƙugiya. Baba ya danne ta da gwiwa, hannun hagu ya tafi kai tsaye ya samu wuƙa. A nan ne ya dakata, wuƙar a hannunsa, ya juya fuska wajena.

"Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa, Baba. Ina goshin jirgi nake kallonka."

Ya shafa ƙotar wuƙar. Sannan ya ce, "Ina yaro, malaminmu na allo ya raba ni da hagu da bulala. A ruwa ne kaɗai babu mai gani." Ya share fuska da hannun riga, ya ce ruwa ne ya fantsar masa.

Har muka dawo da la'asar bai tambayi ko tsinke ba. Mai jirgi ya ƙi karɓar kasonsa, Baba ya ce dole ya karɓa, don shi ba sadaka ya zo ci ba. Inna ta dafa babbar tarwaɗar, ya ci, ya nemi ƙari. Bayan nan ya ƙara shekara huɗu a duniya, kuma duk kaka sai an hayo masa jirgin nan. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa.

Yanzu na tsufa, ni ma ido ya fara gajiya. Na yi karatu, na raini 'ya'ya, na aurar da jikoki, duk na gode wa Allah. Amma in aka tambaye ni abin da na taɓa yi wanda har yau nake ji da shi, ba na tuna takardar makaranta. Abin da nake gani shi ne hannun tsohon nan yana tashi cikin duhunsa, ya sauka daidai inda na ajiye masa wuƙa.