Fatar Gadon Baya

Har yau in na ji ƙaurin baƙin mai ya ɗiga a kan inji mai zafi, zauren kakana a Gwandu nake tunawa. Mai karatu zai yi mamakin abin da ya haɗa baduku da mota. Ni ma da ba a kaina aka haɗa su ba, da na yi.

Mu biyu ne a gidan. Mahaifiyata ta rasu ban san kamanninta ba. Mahaifina ya tafi fatauci Gwanja, kuma tun da ba wanda ya aiko da labarin mutuwarsa, har yanzu yana hanya. Kakana idonsa ya yi hazo, da yatsu yake gani. Tandun mai yake yi da salkar ruwa, abin alfaharinsa kuwa ɗaya ne a duniya: babu abin da ya taɓa fita daga hannunsa ya yi yoyo. Gidan shiru, sai bugun fata da kukan kurciya a kan tsamiya.

A ƙarshen wata bazara aka ce kowace unguwa ta ba da yaro a kai makarantar boko Sakkwato. Masu iyaye suka ɓoye nasu a rumbu. Ni da ba ni da mai ɓoye ni, nan take aka gano ina da ƙwaƙwalwa.

Motar da za ta kwashe mu ta iso daga Kalgo da hantsi, da yara biyu a bayanta, sun yi kuka har sun gaji. Ita ce mota ta farko da na gani, ta kuma zo tana zubar da baƙin mai kamar akuya mai zawo. Direban, wani Banufe mai yawan gumi, ya shiga ƙarƙashinta ya fito da wani zoben fata da ya tsage. Shi ke zama a bakin murfin tukunyar mai ya hana yoyo. Direban ya ce in babu irinsa ba mai motsawa, in kuma ruwan fari ya riga su, fadama ta yanke hanya sai bayan damina. Kwana uku ke nan hadari yana haɗuwa a gabas. Ban shiga aji ba tukuna, amma wannan lissafin ban nemi malami ba.

Aka kawo wa kakana zoben. Ya shafa, ya shinshina, ya ce wanda ya yanka shi bai ji tsoron Allah ba. Ya aike ni ɗaki in ɗauko fata.

Kowane ɗan gidan dukawa ya san bambancin. Fatar gadon baya a matse take, ba ta miƙewa. Ta ciki kuwa laushi gare ta, tana shan mai ta saki jiki. In aka sa ta ciki, motar ba za ta wuce bakin gari ba. Ta cikin na ɗauko, na zaɓi wadda ta fi kauri, na miƙa masa ina kallon ƙasa.

Ya murza ta tsakanin yatsunsa. Ya daɗe yana murzawa, fiye da yadda aikin yake bukata.

"Ja'iri," ya ce a hankali, yadda direba ba zai ji ba, "wagga ta ciki ta."

"Kaka, ba wanda zai sani."

"Ni fa?"

Ya tashi da kansa, yana lalube bango, ya ɗauko ta gadon baya. Ya yanka zoben, ya tsoma shi a kitse mai zafi, ya yi ta bugu har ya yi sheƙi. Direba yana ta leƙen sama yana cewa, "Baba, hadari fa!" Kakana ya ce, "Hadari na Allah ne, wanga aiki nawa ne. Zauna." Da aka ɗaura, ya sa aka barbaɗa toka a ƙarƙashin motar kamar yadda yake gwada sabon tandu, aka tayar da inji, aka jira. Tokar nan fara fat.

Bai rako ni ba. Daga cikin zaure ya ce, "Tafi, ka rage mini cin tuwo." Na hau mota cike da fushi. Ruwan ya sauko muna tsallake fadama. Kafin hutun farko kakana ya rasu.

Yau zoben nan na roba ne, a leda ake sayensa, in ya yi yoyo a jefar a sa wani, ba a tambayar hannun wa ya yi shi. Ba na kushewa. Na yi shekaru ina koyarwa, na san duniya ba ta komawa baya don tsoho ya ji daɗi. Fushin ne ya daɗe mini, har sai da na yi gemu na koma Gwandu, wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta ba ni sauran labarin. Ta ce motar na tashi ya fito ba sanda, ya bi sawun tayar a sunkuye har bakin gari, yana shafa yashi yana kai yatsu hanci. Ta tambaye shi me ya ɓata. Ya ce, "Duba mini, ko ɗigo guda." Ta duba, ta ce babu.

Ya ce, "Na sani." Ya zauna a wurin har ruwa ya same shi.