Inna Ta Kau da Kai

Lokacin da aka kawo mini Inna daga Zariya, ɓarin jikinta na dama ya riga ya shanye. Muna zaune a Unguwar Sarki, Kaduna, a gidan haya da muka raba tsakar gida da wasu mutane. Maigidana akawu ne. Da safe ya hau kekensa ya tafi ofis, ni kuma in shiga ɗagawa da kwantarwa, wankin zannuwa, dama kunu, ba ta a baki da cokali. Ga goyo a bayana. Sau da yawa nakan sallame salla ina kokwanton ko na cika raka'o'in, in tashi in sake.

Maƙwabciyata Kirista ce, mutuniyar kudancin Zazzau, mijinta malamin makaranta. Ita ke kama mini Inna idan zan juya ta. Wata rana na shiga ɗakinta aron dutsen guga, sai na tsaya cak. Bango guda cike da hotuna. A makarantar 'yan mata na saba da hoto: a jera mu layi-layi, malamai a kan kujeru, kowa ya ɗora hannu a gwiwa. Waɗannan kuwa ba fuska ko ɗaya. Akwai na dugadugan masu dako a Kawo, duk faso. Akwai na inuwar tsani a jikin katanga. Akwai na ruwan da ya taru a sawun mota, gajimare kwance a ciki. A lungu kuma wani abu ne tsaye, an harhaɗa shi da sarƙar keke da bakin buta da wayoyi masu zubowa ƙasa.

Na ja da baya ina neman tsari.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ƙawata, ba gunki ba ne. Shirmen ƙanena ne. Wai sunan abin damina."

Ƙanen nata yana aikin wanke hotuna a wani ofishin gwamnati, ran Lahadi kuma in an taso daga coci ya rataya akwatinsa na ɗaukar hoto ya shiga gari. Na daɗe ina kallon dugadugan nan. Ban san dalili ba, tausayi ya kama ni, kamar na san masu su.

Tun daga ranar abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Inna kullum raguwa take yi, kuma ba a taɓa ɗaukarta hoto ba. Ina son fuskarta ta saura a hannuna, ko don yaran da ba za su tashi su same ta ba. Na tambayi maigidana ko da laifi. Ya ce a saninsa hoto inuwa ce aka kama, ba sassaƙa ba, amma kada in rataye shi inda muke salla. Inna ce ta ƙi. Maganarta ba ta fita sosai, amma na gane: "Me za a yi da fuskar tsohuwa?"

Maƙwabciyata ta durƙusa gabanta. "Haba Mama, tsoro kike kada samarin Kaduna su gani su yi layi a ƙofa?"

Inna ta kai mata duka da hannun da ke motsi. Yardar ke nan.

Ran Lahadi bayan azahar na yi mata wanka, na sa mata kwalli, na ɗaura mata zanen saƙinta baƙi da ɗankwali sabo. Kafin in gama na jiƙe da gumi. Maigidana da maƙwabciyata suka ɗauko ta zuwa tabarma a gindin katanga, muka tokare ta da matasai. Mai hoton ya shigo da sallama, siriri, mai sanyin murya, ya gaishe ta a durƙushe. Ya kafa akwatinsa ya leƙa.

"Mama, ɗago kai kaɗan."

Inna ta ƙura wa tabarma ido.

Ya waiwayo ni. "Uwargida, zo ki tsaya nan dab da ni, ki yi mata magana. In ta ji muryarki za ta dube ki."

Shi bai sani ba, ni kuwa na sani, gajiya ce ta rufe mini tunani. Ni ce 'yar farin Inna. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "waccan", kuma ba ta haɗa ido da ni a gaban mutane. Kunyar ɗan fari ce irin ta iyayenmu, ciwo bai rage mata komai a cikinta ba. Da maƙwabciyata aka tsayar a wurin, da an gama. Amma na je na tsaya, na ce, "Inna, dubo nan."

A hankali, da ƙyar, ta juyar da kanta gaba ɗaya zuwa katanga. Na ji akwatin ya yi ƙas.

Sai jikinta ya fara zamewa daga matasan, numfashinta ya yi nauyi. Muka kwashe ta zuwa ɗaki. Ina jin maƙwabciyata a waje tana yi wa ƙanenta faɗa: "An ce maka fuska, kai ka ɗauko ƙeya. Wannan ai ba ƙafar ɗan dako ba ce." Shi kuma yana cewa a ƙasa-ƙasa, "Yaya, ki bari ki gani tukuna."

Da ya kawo hoton na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Ɗaurin ɗankwali, kunne da ɗan kunnen azurfa, jijiyar wuya ta miƙe, gefen kunci kaɗan. Ba ido, ba hanci. Na yi kuka marar sauti don kada Inna ta ji. Ya aiko yayarsa ta ce mini zai dawo ya sake, ni in ɓuya a ɗaki. Na ce to, in ta ɗan sami ƙarfi. Ba ta sake iya zama ba. Kafin ruwa ya ɗauke Allah ya karɓi abarsa.

Fuskar da na nema ban samu ba. Yanzu in na rufe ido ina lalubenta, guntu-guntu take zuwa mini, wani lokaci ta ƙanwata ce ke shigowa a madadinta. Hoton kuwa ko 'yan'uwana da suka zo gaisuwa, da gani ɗaya suka ce, "Wannan ke ce a gabanta, shi ya sa ta kau da kai."

A gefen kuncin, ɓangaren da ciwo bai taɓa ba, akwai wata 'yar tattarewar fata. Maƙwabciyata ta rantse murmushi ne. Maigidana ya ce hasken rana ne kawai. Ni na duba har idona ya gaji, ban iya yanke hukunci ba. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.